Kan maganar makarantar hutu ta yara: me za mu ɗauka bana?

Malamar Ajin Ƙanana, Zuru: Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. An kusa ba yara dogon hutu, kwamiti kuma ya ce kafin Lahadi ta sama mu kawo kan maganar makarantar hutu ta bana. Kwana biyar ne kamar kullum, Litinin zuwa Juma'a, ranar Lahadi yara su nuna wa iyaye abin da suka koya. Bara mun yi 'Ya'yan Ruhu, bara waccan jirgin Nuhu. Ku da kuke sauran majami'u, wanne kuka gwada ya zauna a kan yara? Don Allah kada a yi shiru kamar wancan karon.

Shugaban Matasa: Dauda da Goliyat, Anti. Ba a kai ga ƙarshen labari yara sun miƙe tsaye.

Maman Biyu, Yelwa: Sai kuma su koma gida da majajjawa su fasa wa mutane gilashi. Mun gani.

Shugaban Matasa: Sau ɗaya ne fa, Mama.

Baba Saje: Makamai na Allah. Afisawa 6, daga aya 10 zuwa 18. Zuru garin sojoji ne, da wuya ka sami gidan da babu wanda ya taɓa sa kaki. Yaran Birged, ƙungiyar samarin majami'a masu fareti, su koya musu fareti da safe, kowace rana a ɗauki makami ɗaya. Magana ta ƙare.

Baban Istifanus, Argungu: Mu nan bara kihi munka ɗauka, kuma ya yi kyau ƙwarai. Litinin kiran Bitrus da Andarawas a bakin teku, Matiyu 4. Talata kamun da ya kusa yaga taru, Luka 5. Laraba yaron nan mai gurasa biyat da kihi biyu. Alhamis kuɗin haraji a bakin kihi, Matiyu 17, wannan ɗiya da yawa ba su taɓa jin shi ba. Juma'a kihi 153 da kalacin da Yesu ya shirya ma almajirai bakin ruwa bayan tashinai. Mun aro homa da gora wurin wani masunci munka kawo aji. Yaron da ya girma yana ganin kamun kihi a ruwan Matan Fada ba sai ka wahala kana yi mai bayanin taru ba.

Malamar Ajin Ƙanana, Zuru: Kai, wannan ya burge ni. Kifi 153 a ina yake?

Baban Istifanus, Argungu: Yahaya 21, aya 11.

Maman Biyu, Yelwa: Ya yi muku kyau a Argungu. Mu a nan maganar ruwa sai da lura. Tun haɗarin jirgin Warra na 2021 akwai gidajen da ba a ambaton jirgi a gaban yaransu.

Maman Tabita: Baba Saje, da girmanka, ka yi mini haƙuri, amma zan roƙi arziki kada a ɗauki Makamai na Allah bana, ko kuwa in an ɗauka a ware ƙanana. Zan faɗi dalili ko da maganar za ta yi tsawo, don ni na tsaya a gaban ajin nan da idona na gani.

Shekara biyu ke nan mun ɗauke shi a majami'armu. Ni ce ma na kawo shawarar, na kuma yi murna da aka karɓa. Mun yi shiri sosai. Muka tara kwalayen taliya daga shaguna muka yanka garkuwa, muka sayo ƙananan ƙoƙuna don kwalkwali, tsofaffin zannuwa muka yayyaga don ɗamara, takobi kuwa karan dawa na bara da muka zaro daga dangar wata mama. Litinin ɗamara ta gaskiya, Talata sulke na adalci da takalman bisharar salama, Laraba garkuwar bangaskiya, Alhamis kwalkwalin ceto da takobin Ruhu, Juma'a addu'a. A takarda babu abin da ya fi shi tsari.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne a shekarar muna da yara kusan ashirin da iyayensu suka gudo daga ƙauyukan wajen Wasagu, suna raɓe a gidajen dangi. Kun san su, masu zama a bencin baya, ba sa ɗaga hannu, takalmin soso ɗaya ake karɓa-karɓa. Ranar Laraba muka yi kuskuren raba karan dawa tun kafin ranarsa ta zo, don mu ga ko zai isa. Aka tashi hutun shan kunu. Ina cikin ɗaki ina zuba wa ƙanana sai na ji ihu a fili. Na fito na tarar maza sun rabu gida biyu. Babu mai riƙe da kara kamar takobi, kowa ya rataya shi a kafaɗa kamar bindiga. Wasu sun cire ɗamarar gaskiya daga ƙugu sun naɗe fuska da ita, ido kawai a waje. Suna gudu bibbiyu, na gaba yana ƙarar mashin da baki, na baya yana harbi. Ɗaya ɓangaren su ne 'yan sa-kai. Har da wanda aka kama, aka ɗaure masa hannu ta baya, ana cewa a kira ubansa ya kawo kuɗi. Yara 'yan shekara tara, goma. Ba wanda ya koya musu, abin da suke ji a gida ne.

Na tsawata, suka watse. Da muka koma aji na ƙirga, yarinya ɗaya babu. Muka duba banɗaki, muka duba bayan majami'a, ashe tana ƙarƙashin bencin mawaƙa ta dunƙule, ta toshe kunnuwa da hannu biyu, zaninta a jiƙe. Ba ta kuka, ba ta magana, jikinta kawai ke rawa kamar mai zazzaɓi. Shekararta bakwai. Na goya ta na kai ta gidan gwaggonta. A can na ji cewa ranar da aka shiga ƙauyensu a cikin rumbu uwarta ta ɓoye ta, tana jin mashina suna zagaya gidan har rana ta faɗi. Ba ta ƙara zuwa makarantar hutu ba, makarantar Lahadi ma sai da aka yi wata biyu ina bin ta gida.

Na san aya 12 ta ce kokawarmu ba da nama da jini ba ce. Na karanta musu ita, har na sa sun maimaita sau uku. Amma yaro ɗan shekara bakwai abin da ka danƙa masa a hannu shi yake gani kafin ayar da ka faɗa masa. Ba na ƙin nassin, Allah ya sawwaƙe. Cewa nake yi kafin mu zaɓi kan magana mu fara duba fuskokin yaran da za su zauna a gabanmu bana, mu tambayi kanmu daga ina suka fito, me suka gani. Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, ba za mu rasa wanda ya dace da su ba.

Uwar Zumunta: Wayyo. Allah ya warkar da zuciyar yarinyar nan.

Maman Biyu, Yelwa: Amin. Jikina ya mutu.

Baban Istifanus, Argungu: Amin. Yanzu tana ina?

Maman Tabita: Tana nan, ta shiga aji uku. Tana waƙa a cikin mawaƙan yara.

Baba Saje: 'Yata, na ji ki, ban kuma ji haushi ba. Ni na san ƙarar nan, na san abin da take yi wa babba balle yaro. Na janye ga ƙanana. Amma 'yan shekara sha biyu zuwa sama ina nan kan bakana. Waɗannan tsoro na cin su, suna bukatar a gaya musu akwai abin tsayawa da shi. Sai dai kada a ba kowa kara.

Shugaban Matasa: To kan magana biyu ke nan? Malamai nawa muke da su da za mu raba?

Ma'aji: Kafin a raba kan magana a fara raba mini inda kuɗin zai fito. Baikon yara na wata shida ban ga ya kai kuɗin buhun gero ba.

Uwar Zumunta: Malam Ma'aji, kowace shekara haka kake cewa, kowace shekara kuma yara na cin abinci.

Ma'aji: Saboda mata suna rufa mana asiri, Mama. Ban musa ba.

Magatakarda: Akwai wanda ya turo mini shiryayyen littafi ta waya, na Turanci, komai a ciki: darasi, waƙa, bidiyo, zane. Ba zai rage mana wahala ba?

Malam Ɗan Mahuta: Kada ka fara. Mun taɓa karɓar irinsa daga wani ɗan'uwa da ke birni. Kan maganar tafiya sararin samaniya ne, wai yara 'yan sama jannati ne suna zagaya taurari suna ganin ikon Allah. Can Amurka aka tsara shi, don yaran da suke hutun zafi ba su da aikin fari balle na baƙi. Kayan aikin hannu da aka lissafa rabi ban san sunansu ba, sauran babu su ko a kasuwar Zuru. Bidiyon sai da janareto, ranar farko mai ya ƙare a tsakiyar waƙa. Na kwana biyu ina fassara darasi zuwa Hausa, na zo aji kuma rabin ƙanana Dakarci suka fi ji. Ranar Lahadi wata kaka ta tambayi jikanta me aka koya, ya ce an ce za a tafi da su wata. Har gida ta biyo ni.

Shugaban Matasa: Kaka ta yi gaskiya, ba a tambaye ta ba za a kai mata jika wata.

Malam Ɗan Mahuta: Ba laifin masu littafin ba ne, don 'ya'yansu suka yi. In maganar taurari ake so, a fitar da yara tsakar gida da dare a nuna musu kaza da 'ya'yanta, a karanta Zabura 8. Ba janareto.

Magatakarda: Na ji. Na ajiye.

Dattijo Baban Rahila: Ku ɗauki Yunana. Sura huɗu ce kacal, kwana huɗu, rana ta biyar a yi wasan kwaikwayo.

Malamar Ajin Ƙanana, Zuru: Yunusa kake nufi, Baba?

Dattijo Baban Rahila: Yunana na ce. Haka yake a littafin da aka yi mini baftisma da shi.

Malamar Ajin Ƙanana, Zuru: Na yaran Yunusa aka rubuta. In muka ce su buɗe Yunana za su yi ta juya shafi har a tashi.

Dattijo Baban Rahila: Ku kuka canja. Mu Yohanna muka sani, Matta muka sani. Tsohon juyi na 1932 shi muka haddace, har yau in na rufe ido shi nake gani.

Magatakarda: Wannan ita ce rigimar ayar haddacewa ta bara. Yaro ya haddace da sabon juyi, alƙalin gasa yana riƙe da tsoho, aka ce ya faɗi. Uwarsa ta yi wata ba ta gaishe ni ba.

Uwar Zumunta: Don Allah bana a rubuta ayar a allo, abin da ke allo shi ne hukunci.

Maman Biyu, Yelwa: Kuma na ce ban da jirgi da hadari.

Dattijo Baban Rahila: Af, na manta. Yi haƙuri 'yata.

Malam Ɗan Mahuta: In dai abin da yaranmu suka sani ake nema, a yi Yakubu. Ya yi wa Laban golmo, wato noman neman aure, shekara bakwai saboda Rahila, aka wayi gari Lai'atu ce, ya sake ɗaukar fartanya wata bakwai. Duk ɗan Lelna, wato Badakkare, zai gane wannan ba tare da an fassara ba.

Shugaban Matasa: Baba Dattijo, kai nawa ka yi wa iyayen Mama?

Dattijo Baban Rahila: Na cika nawa cif, ba a kuma canja mini mata ba. Ku na yanzu kunya goma ba za ku iya kaiwa ƙarshe ba.

Shugaban Matasa: Mu feshi muke yi, Baba.

Dattijo Baban Rahila: Shi ya sa.

Uwar Zumunta: Ku bar wasa. Maganar gona ta tuna mini. Wane lokaci za a riƙa farawa? Bara mun sa ƙarfe takwas na safe, manyan yara duk suna gona ana maimai, sai 'yan goye-goye muka samu. Wata na Agusta ba wanda zai sakar maka yaro ɗan shekara goma sha biyu da safe.

Malam Ɗan Mahuta: Ƙarfe uku zuwa biyar da rabi.

Maman Tabita: Biyar dai. Masu zuwa daga bayan gari su isa gida da sauran rana. Kuma kowane rukuni da babba ɗaya mai raka su.

Baban Istifanus, Argungu: Da marece kuma hadari ka tasowa.

Uwar Zumunta: Marka ba ta da safe ba ta da yamma. A gyara kwanon ajin ƙanana kawai, yoyo yake yi daidai kan allo.

Ma'aji: An ji.

Uwar Zumunta: Tun Ista ake ji.

Maman Biyu, Yelwa: Abinci fa? Mu bara shinkafa da wake muka yi kwana biyar, ranar farko yara 60, ranar Laraba sun haura 150. Labari ya zaga unguwa.

Ma'aji: Kun gani ko.

Uwar Zumunta: To sai me? Yaron da ya zo don shinkafa kunnensa a toshe yake? Watan nan rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, wasu gidajen sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ni dai ba zan kori yaro daga layi ba. Kowace mace a zumunta ta kawo gwangwani biyu na gero, mu dama kunu, a soya ƙosai ko awara kwana biyu. Dafa-duka ranar Juma'a kawai.

Maman Biyu, Yelwa: Abu ɗaya, in yaran maƙwabta suka biyo abokansu, a tabbata iyayensu sun sani sun kuma yarda. Zaman lafiyar unguwa ya fi cikar benci.

Magatakarda: Wannan doka ce, tana cikin rahoton bara.

Malamar Ajin Ƙanana, Zuru: Jama'a, na gode da kunu da ƙosai, amma har yanzu ba ni da abin da zan kai wa kwamiti.

Baba Fasto: Salama. Yanzu na dawo daga jana'iza, na karanta duka tun daga sama. Maman Tabita, Allah ya sāka miki, abin da kika faɗa ya kamata kowane malami ya ji shi.

Ga tawa shawarar, ba umarni ba. Ku duba Yusufu, Farawa 37 zuwa 50. Kan magana: Ubangiji yana tare da shi. Maganar nan ta fito a sura 39 sa'ad da yake bawa a gidan Fotifar, ta sake fitowa a surar sa'ad da yake kurkuku. Ba a fada aka fara faɗinta ba, a wurin wahala aka faɗe ta.

Ku lura da abin da ke ciki. Gida ne mai mata fiye da ɗaya, 'yan uba, uba ya fifita ɗa ɗaya har ya ɗinka masa riga ta dabam. Wane yaro ne a ƙasar nan bai san 'yan ubanci ba? Akwai kiwo, akwai mafarkin dammunan hatsi, akwai shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa, akwai ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona. Yaran da suka ga yadda ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar fadama sun san me ake nufi da shekarar da ba a girbe ba. Aikin hannu kuma ba sai an sayi komai ba. Ga laka ko'ina a damina, kowane yaro ya gina ɗan ƙaramin rumbu irin namu, ya yi masa zane, ya yi masa hular ciyawa. Yana shekara 17 aka sayar da shi, yana 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Manyan yara su lissafa shekarun da ke tsakani da kansu, su ga tsawon jiran.

Baba Saje: Wannan ya yi. Na bi.

Baban Istifanus, Argungu: Rumbun laka ya hi kwali nesa ba kusa ba.

Shugaban Matasa: Matar Fotifar fa, Baba? Bara waccan wani yaro ya tambaye ni me take so ya yi mata, na rasa ta cewa.

Uwar Zumunta: Ka ce ta so ya ci amanar maigidansa, ya ƙi, ta yi masa sharri. Ya ishe su. Manyan mata kuwa ku bar mini su, ina da maganar da zan yi da su a kan wannan, ba a gaban maza ba.

Maman Tabita: Baba Fasto, ina son Yusufu, amma zuciyata ba ta kwanta duka ba. An tuɓe masa riga, an jefa shi rami, an sayar da shi azurfa ashirin ga fatake, an kai wa ubansa riga da jini. A ajina bana akwai yaron da yayansa ya yi wata huɗu a daji kafin a karɓo shi. Akwai waɗanda nasu bai dawo ba. Kuma rumbu, kun ji abin da na faɗa game da yarinyar nan. In na ce ta gina rumbu da hannunta ban san me zai taso mata ba.

Baba Fasto: Gaskiya ne. Ban haɗa wannan ba.

Maman Biyu, Yelwa: Ni kuma ta wani gefen nake gani. Bayan satar ɗalibai da aka yi a makarantar Birnin Yauri a 2021, mun yi makonni muna kauce wa duk labarin da ya shafi kamu. Wata Lahadi darasi ya kawo mu kan yarinyar nan ta gidan Na'aman, 2 Sarakuna 5, wadda mahara suka kamo daga ƙasar Isra'ila. Na so in tsallake, ban tsallake ba. Na faɗe shi a hankali, a zaune, ba wasan kwaikwayo. Aji ya yi tsit. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, Malama, ashe Allah ya san da waɗanda aka kama? Na ce ya sani, har ya sa aka rubuta labarin ɗaya daga cikinsu. Ban ga yaron da ya firgita ba ranar. Abin da ya tayar da hankali a wurinku, Yaya, ina ga ba labarin ba ne, wasan ne, da ƙarar, da rufe fuska.

Maman Tabita: Wataƙila. To in za a yi Yusufu, ranar rami kada a yi wasan kwaikwayo, kada a ɗaure kowa, kada a shafa wa riga jan kala. Malami ya zauna ya ba da labari kawai. Kuma a samu mace ɗaya babba a zaune a baya wadda ba ta da aikin komai sai kallon fuskokin yara.

Uwar Zumunta: Ni zan zauna.

Maman Tabita: Rumbun kuma a bar yaro ya zaɓa. Wanda ba ya so ya gina saniya, ai akwai shanu bakwai a mafarkin.

Malam Ɗan Mahuta: Sha huɗu. Bakwai masu ƙiba, bakwai ramammu.

Shugaban Matasa: Ramammun sun fi sauƙi, laka kaɗan.

Baba Saje: Ranar Juma'a ce ke damuna. Gafara. Yusufu ya yafe wa 'yan'uwansa, ya ce sun nufe shi da mugunta Allah ya juya ta alheri. Daidai ne. Amma kada wani malami ya tsaya gaban yaron da aka kashe wa uba ya ce maza tashi ka ce ka yafe. Yusufu kansa sai da ya gwada su, ya tsare Saminu, ya sa ƙoƙo a buhun Biliyaminu, ya shiga ɗaki ya yi kuka. Shekara ashirin da wani abu ta wuce kafin ya ce ni ne Yusufu.

Baba Fasto: Haka ne. Ajin manya na ranar Juma'a ni zan ɗauka da kaina.

Dattijo Baban Rahila: Banyamin.

Baba Saje: Na'am?

Dattijo Baban Rahila: Ba Biliyaminu ba.

Uwar Zumunta: Abin da ke allo, Baba.

Magatakarda: Ni har yanzu na fi son Makiyayi Mai Kyau. Zabura 23 da Yahaya 10 da tunkiyar da ta ɓata. Babu rami, babu jini, ƙanana kuma za su haddace zaburar duka cikin kwana biyar.

Maman Tabita: Wannan ma yana raina. Ga 'yan ƙasa da shekara bakwai na fi natsuwa da shi.

Shugaban Matasa: Mun koma kan magana biyu ke nan. Na tambaya ɗazu, malamai nawa?

Malamar Ajin Ƙanana, Zuru: Bakwai suka rubuta suna. Biyu ɗalibai ne, sai in an ba su hutu a kan lokaci.

Baban Istifanus, Argungu: In kun bar kihi ku aje shi ma baɗi, in turo maku tsarin da munka bi.

Malamar Ajin Ƙanana, Zuru: Turo yanzu, Malam, kada ya ɓace. Zan kai wa kwamiti Yusufu ga manya da 'yan tsakiya, Makiyayi ga ƙanana, in gaya musu dalilin Maman Tabita. In sun ce ɗaya za a yi, zan dawo muku.

Ma'aji: In laka ce kayan aiki ba ni da magana. Amma sabulun wanke hannu da ruwa wa zai kawo?

Shugaban Matasa: Matasa za su ɗebo ruwa. Laka kuma akwai mai kyau a bayan gidan Baba Saje.

Baba Saje: Ku zo da rana ina gida. Kada ku taka mini gyaɗa.

Uwar Zumunta: Babbar tukunyar zumunta tana wurin wa? Tun bikin nan ba a dawo da ita ba.

Maman Tabita: Tana wurina, Mama. Murfin ne ban gani ba.